Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Gane Wanda Ake Nufi da "Shi" da "Ita"

Waɗannan tambayoyi na tattaro su ne daga ɗaliban nahawun Hausa a nan Sakkwato, da malaman firamare, da masu fassara labarai, domin kusan kowace shekara su ne ke dawowa. Mafi yawan gwaje-gwajen da zan ambata an yi su ne a kan masu jin Ingilishi da harshen Holan, amma misalan jimloli na Hausa ne, kuma ni na tsara su.

1. Me ake nufi idan aka ce wakilin suna yana komawa ga wani abu?

A duba wannan jimla: "Binta ta je Kasuwar Kara, ta sayo rago, ta ɗaure shi a gindin darbejiya." Kalmar "shi" ba ta da wata ma'ana tata da za a nuna da yatsa, sai dai ta ari ma'anar "rago", kamar yadda kowace "ta" ta ari tata daga Binta. Abin da wakilin suna ya ara daga gare shi, shi muke kira makomarsa. Aikin mai sauraro shi ne ya gane cewa kalmar tana buƙatar makoma, ya duba waɗanda za su iya zama makomar, sannan ya tsayar da ɗaya.

Ba wakilin suna kaɗai ke yin wannan aiki ba. "Ragon" da "dabbar" da "wancan" duk suna komawa baya, haka ma maimaita sunan Binta, wanda ke da tasa matsalar da ke tafe a tambaya ta 7.

2. Shin ƙwaƙwalwa tana komawa baya ne ta binciko kalmar da aka faɗa?

Mutane da yawa haka suke zato, amma shaida ta nuna akasinsa. Ainihin lafazin jimla yana ɓacewa daga kan mai sauraro cikin ɗan lokaci kaɗan, abin da ke wanzuwa shi ne surar al'amarin: su wane ne ke ciki, me ke hannun kowa, wa ya yi wa wani me. Philip Johnson-Laird ya yi bayanin wannan sura ta cikin zuci a 1983. Ni kan kwatanta wa ɗalibaina ita da zaure: duk wanda aka ambata ya shigo ya sami wurin zama, wani kusa da maigida, wani can bakin ƙofa, wanda aka daɗe ba a waiwaye shi ba kuma sai ya sulale ya fita.

Hujja mai sauƙi tana cikin maganarmu ta kullum. Idan aka ce "Audu ya gamu da Musa a tasha, sun gaisa," babu wata kalmar jam'i a baya da "sun" za ta koma gare ta, amma a zauren akwai mutum biyu. Haka nan idan aka ce "Mun shiga motar Illela, direban ya ce sai ta cika," ba a taɓa ambaton direba ba, ƙwaƙwalwa ce ta gina gada daga mota zuwa mai tuƙa ta. Susan Haviland da Herbert Clark sun auna wannan a 1974, suka ga cewa jimlar da ke buƙatar irin wannan gada tana ɗaukar mai karatu ƙarin lokaci, kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa.

3. Waɗanne alamu ƙwaƙwalwa ke bi wajen zaɓen makoma?

Na farko jinsi da adadi, waɗanda ke tace 'yan takara tun kafin a je ko'ina. Sai matsayi a cikin jimla: wanda aka fara ambata yana da fifiko, abin da Morton Ann Gernsbacher da David Hargreaves suka nuna a 1988. Sai kusanci, wato wanda aka ambata yanzu-yanzu. Waɗannan biyun sukan yi karo da juna, shi ya sa dokar "ɗauki na kusa" ba ta isa ita kaɗai.

Alamar da ta fi ba ɗalibai mamaki tana ɓoye ne a cikin aikatau. A gwada ƙarasa waɗannan: "Audu ya ba Musa haushi saboda ya..." da kuma "Audu ya yaba wa Musa saboda ya..." Mafi yawan mutane za su ƙarasa ta farko da laifin Audu, ta biyu kuma da ƙoƙarin Musa, alhali tsarin sunayen bai canja ba. Catherine Garvey da Alfonso Caramazza ne suka fara bayyana wannan a 1974: aikatau da dama suna karkata zuciya zuwa ga inda sababi yake.

A bayan duk waɗannan akwai sanin duniya, wanda idan ya yi magana yakan rinjayi sauran. "Mahauci ya ƙi sayen ragon saboda ya rame." "Mahauci ya ƙi sayen ragon saboda ya ci bashi." Nahawu bai bambanta jimlolin nan ba ko kaɗan. Wanda ya san cewa ramammen rago ba ya kasuwa, kuma rago ba ya cin bashi, shi ne zai raba su, kuma yaron da ke taya mahaifinsa fawa zai yi haka ba tare da ya lura ya yi wani aiki ba.

4. Yaya saurin wannan aiki yake?

Yana da sauri ƙwarai. Jennifer Arnold da abokan aikinta sun buga wani gwaji a 2000 inda suka sa mutane kallon hoto mai ɗauke da mutum biyu suna sauraron labari, wata na'ura kuma tana bin motsin idonsu. Cikin kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa bayan ƙarewar wakilin suna, ido ya riga ya fara karkata ga wanda ake nufi, muddin jinsi ko matsayin ambato ya fayyace shi. Ƙwaƙwalwa ba ta jiran ƙarshen jimla, tana yanke hukunci tana tafiya, idan ta yi kuskure ta dawo ta gyara.

5. Ta yaya masu bincike ke ganin abin da ke faruwa a cikin kai?

Hanyar da aka fi amfani da ita ita ce a sanya wa mutum wata hula mai ƙananan wayoyi da ke auna wutar lantarkin ƙwaƙwalwa yayin da yake karanta jimla kalma bayan kalma. Da haka Marta Kutas da Steven Hillyard suka gano a 1980 wani motsi da ke bayyana kusan milisakan 400 bayan kalmar da ma'anarta ba ta dace da wurin ba, aka sa masa suna N400. Milisakan ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Akwai wani motsin kuma, P600, da ke zuwa a makare idan ginin jimla ya karye. Lee Osterhout da Linda Mobley sun nuna a 1995 cewa wakilin sunan da jinsinsa ya saɓa wa makomarsa yana tayar da shi. Kwatankwacinsa a Hausa shi ne abin da kunne ke ji idan aka ce "Ango ta iso."

Hanya ta biyu ita ce ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da na'urar da ke bin kwararar jini, wadda ke nuna wurin da aiki ke gudana amma ba ta da saurin ta farko. Abin da aka gano da ita yana cikin tambaya ta 8.

6. Me ke faruwa idan mutum biyu duk sun dace da wakilin sunan?

"Audu ya gaya wa Musa cewa ya ci jarrabawa." Wa ya ci? Jos van Berkum da Colin Brown da Peter Hagoort, a birnin Naimegen na ƙasar Holan, sun gano a 1999 cewa kalmar da ke da makoma biyu tana haifar da wani motsin wuta na daban a gaban kai, wanda ke farawa da wuri kuma ya daɗe bai kwanta ba. Daga baya aka riƙa kiransa Nref. Ana fassara shi da cewa ƙwaƙwalwa tana riƙe da mutum biyu a hannu tana jiran abin da zai raba gardama.

Wani abin lura ya fito a 2006, lokacin da Mante Nieuwland da van Berkum suka ga cewa masu karatun da ke iya riƙe abu da yawa a kai lokaci guda su ne suka fi nuna wannan motsi. Sauran sukan cafke makoma ɗaya su wuce, ba su ma san akwai ta biyu ba. Wannan ya kamata ya dami duk mai rubuta sanarwa ko takardar yarjejeniya, domin mai karatun da ya fahimta ba daidai ba ba zai zo ya yi tambaya ba, shi a ganinsa ya gane sarai.

7. To me zai hana a riƙa maimaita suna kawai, a huta?

Wannan ita ce tambayar da na fi samu, kuma amsarta ita ce zuciyar al'amarin. A karanta: "Audu ya shiga kasuwa. Audu ya sayi albasa. Audu ya koma gida." Duk Bahaushe zai ji wani nauyi, har ya fara tunanin ko Audu biyu ne. Peter Gordon da Barbara Grosz da Laura Gilliom sun auna wannan nauyi a 1993: idan mutum shi ne jigon zance, maimaita sunansa yana rage saurin karatu fiye da amfani da wakilin suna. Idan kuwa wanda ake nufi ba shi ne jigo ba, ko an daɗe ba a ambace shi ba, wannan jinkiri ba ya bayyana, sunan ma taimako yake yi.

Dalilin shi ne kowace siga tana ɗauke da umarni ga mai sauraro. Wakilin suna yana cewa a ci gaba da wanda ke zaune a tsakiyar zauren. Cikakken suna yana cewa a shirya karɓar baƙo, ko a kirawo wanda ya fita. Idan aka kira sunan wanda ke gabanka da murya irin ta kiran na nesa, sai ƙwaƙwalwa ta buɗe sabon gurbi, ta dawo ta gano mutum ɗaya ne, ta haɗe su, kuma wannan kai-kawo shi ke cin lokaci. Amit Almor ya tsara bayanin a 1999 da cewa dole nauyin bayanin da kalma ta ɗauko ya yi daidai da aikin da za ta yi.

A Hausa matakan sun fi biyu. Lamirin da ke gaban aikatau, wato "ya" ko "ta", shi ne mafi sauƙi. Idan aka ƙara "shi" a kansa, ma'ana ta motsa: "Audu ya shiga kasuwa, shi ya sayi albasa" na nufin ba wani ne ya saya ba. "Shi kuwa Musa" kuma sanarwa ce cewa an juya akalar zance. Marubucin da ya san waɗannan matakai ba ya buƙatar yawan maimaita suna.

8. Wane ɓangare na ƙwaƙwalwa ne ke wannan aiki?

Ba wuri ɗaya ba ne. Yankunan harshe na ɓarin hagu, waɗanda Paul Broca ya bayyana a 1861 da Carl Wernicke a 1874, suna sarrafa kalma da ginin jimla, amma bin sawun mutane a cikin labari yana jawo wasu sassan. A 2007 Almor da abokansa suka ga cewa maimaita suna, idan aka kwatanta da wakilin suna, yana ƙara tayar da wani yanki na saman kai ta baya wanda aka san shi da lura da wuraren abubuwa a sarari. Wannan ya zo daidai da bayanin tambaya ta 7, cewa maimaitawa tana sa a buɗe gurbi fiye da ɗaya.

Sai kuma hifokamfus, wani ɗan lanƙwasasshen sashe da ke can ciki ta wajen kunne, wanda ke ɗaure sabbin abubuwan tunawa. Jake Kurczek da Sarah Brown-Schmidt da Melissa Duff sun nuna a 2013 cewa mutanen da wannan sashe ya lalace musu suna shan wahalar haɗa wakilin suna da wanda aka ambata a gajeren labari. A 2024 masu bincike a Holan suka buga wani sakamako a mujallar Science daga masu farfaɗiya da aka sanya wa siraran wayoyi a cikin ƙwaƙwalwa domin jinya. Sun sami ƙwayoyin jijiya da ke motsawa idan aka karanta sunan wani takamaiman mutum, kuma ƙwayar nan tana sake motsawa idan wakilin sunan da ke nufinsa ya zo a jimla ta gaba. Inda mutum biyu suka dace, majinyatan sun fi zaɓen wanda sunansa ya fi tayar da ƙwayoyin tun farko.

9. Shin Hausa tana sauƙaƙa wannan aiki ko tana tsananta shi?

Tana da kayan aiki masu kyau. Kowane suna tilo yana da jinsi, har abin da ba shi da rai, saboda haka "Ga wuƙa da cokali nan, miƙo min ita" ba ta da ruɗani. Sunayen garuruwa mata ne, don haka a "Audu ya je Wurno, ta cika da baƙi" babu mai zaton Audu ne ya cika. Madanganci, wato "-n" da "-r" da "ɗin", yana shaida wa mai sauraro cewa an riga an san wannan abu: "yaro" baƙo ne, "yaron" ɗan gida. Sakkwatanci ya riƙe jinsi da ƙarfi, ana jin sa a "wanga" da "wagga", da "ɗanai" da "matatai", alhali a wasu karorin harshe, kamar na Zazzau da Bauchi, bambancin ya yi rauni.

Inda take barin mai sauraro da aiki shi ne jam'i, domin "su" ba ta rarrabe maza da mata, da kuma "an" wadda ke ɓoye mai aikin gaba ɗaya. Sannan Hausa tana yarda a bar gurbin karɓau, wato abin da aiki ya faɗa wa, fanko idan abin ba mai rai ba ne: "Ka ga takardar?" "Na gani." A nan babu kalmar da za ta koma baya, amma ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da takarda.

10. Ina matsayin kunya da girmamawa a cikin wannan?

Matar da ba ta faɗin sunan mijinta za ta ce "shi" ko "maigidan", uwa ta kauce wa sunan ɗan farinta, ɗalibi kuma ya ce "Malam sun fita" alhali mutum ɗaya yake nufi. A bisa ƙa'idar adadi da ke tambaya ta 3, "sun" ta kamata ta nemi jama'a, amma ɗan gari ba ya tuntuɓe a kanta, saboda ya san wa ke magana da kuma wanda ya cancanci jam'in girmamawa a bakinsa. Wannan yana nuna cewa zauren ba daga kalmomi kaɗai ake cika shi ba. Akwai mutanen da ke zaune a ciki tun kafin a buɗe baki, kuma idan surukar gida ta ce "Ya dawo?" kowa ya san wa take nufi.

11. Malaman Larabci ba su riga sun tattauna wannan ba?

Sun tattauna, kuma da zurfi. Kalmar "lamiri" kanta daga Larabci ta zo, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin tafsiri ya ji ana tambayar ina lamiri ya koma. Ƙa'idarsu ita ce ya koma ga mafi kusa da aka ambata, sai idan wani dalili ya nuna akasin haka, wanda kusan shi ne abin da aka bayyana a tambaya ta 3. A aya ta 42 ta Suratu Yusuf, malaman tafsiri sun yi saɓani kan wanda Shaiɗan ya mantar, ko Annabi Yusuf (AS) ne ko kuwa fursunan da aka saki, kuma tushen saɓanin makomar lamiri ce. Ɗalibin Sakkwato, ƙasar da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littattafan nahawu da tafsiri, bai kamata ya ɗauki wannan fanni a matsayin baƙon ilimi ba. Abin da na'urori suka ƙaro shi ne auna lokaci da wuri a cikin kai.

12. Me ya sa yara ke ba da labari da "ya" da "ta" ba tare da sun faɗi ko wane ne ba?

Yaro yana ganin mutanen labarinsa a sarari a cikin kansa, bai kai ga lura cewa zauren mai sauraro daban yake da nasa ba. Annette Karmiloff-Smith ta nuna cewa ƙananan yara suna amfani da wakilin suna kamar nuni da yatsa, sai sun ƙara girma suke ware shi ga jigon labari, su kira sauran da suna. Malamin firamare ba ya buƙatar tsawa a nan. Ya isa ya tambaya a hankali, "Wa ya gudu?" Tatsuniya ma makaranta ce: Gizo da Ƙoƙi suna da sauƙin bi saboda jinsi ya raba su, amma da zarar Gizo ya haɗu da Zaki, dole mai ba da labari ya koyi inda zai maimaita suna.

13. Mahaifina ya tsufa, maganarsa ta koma "shi" da "abin nan". Ko akwai matsala?

Tsufa kaɗai yana sa suna ya riƙa maƙalewa a baki, kuma wannan ba abin tsoro ba ne. Amma Almor da abokan aikinsa sun nuna a 1999 cewa masu cutar mantuwa ta Alzaima suna yawaita wakilin suna a maganarsu, kuma su kansu sun fi fahimta idan aka maimaita musu cikakken suna. A wurinsu hukuncin tambaya ta 7 ya juye, domin mutanen zaurensu suna saurin fita. Saboda haka mai jinya ya daina cewa "Ta zo, ta ce za ta dawo," ya ce "Baba, Hauwa ta zo. Hauwa za ta dawo da la'asar."

Idan abin yana ƙaruwa wata bayan wata, tare da mance hanya ko fuskokin 'yan gida, a kai shi ga likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Idan kuwa maganar ta rikice ne farat ɗaya, musamman tare da karkacewar baki ko mutuwar hannu, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kuma a tafi asibiti nan take ba tare da jiran gari ya waye ba.

14. Ni mai fassara labarai ne a rediyo. Ta yaya zan yi amfani da wannan?

Mai sauraron rediyo ba shi da damar komawa baya, don haka nauyin duka yana kanka. Duk lokacin da maza biyu ko mata biyu suka haɗu a labari, ka karanta kowane "ya" da "ta" kana tambayar kanka ko wanda ke tuƙa babur yana saurare da rabin hankali zai iya kai shi ga mutumin da ba shi ba. Ka bar lamiri ga jigon labari, ka kira na biyu da suna ko muƙami, kuma idan akala ta juya ka sanar da "shi kuwa" ko "ita kuma". Ka guji sauya wa mutum ɗaya laƙabi a kowace jimla, yanzu "kwamishinan", an jima "jami'in", can kuma "tsohon malamin", domin kowane sabon laƙabi yana iya buɗe sabon gurbi, mai sauraro ya ƙirga mutum uku.

Ga misali. "Shugaban ƙaramar hukumar ya gana da hakimin, inda ya ce zai gyara rijiyoyin" tana da makoma biyu a wuri biyu. Gyaranta shi ne: "Shugaban ƙaramar hukumar ya gana da hakimin. Hakimin ya ce shugaban zai gyara rijiyoyin." Idan kuwa shugaban ne ya yi maganar, sai a ce: "Shugaban ƙaramar hukumar ya yi alkawarin gyara rijiyoyin, a wata ganawa da ya yi da hakimin."